Yadda za ka samu kwafin Mr. Vampire mai kyau, ka kalle shi a gida yadda ya dace

Duk wanda ya taso da kallon fina-finan Chanis a kaset ya san gawarwakin nan masu tsalle-tsalle. Rigar fadawan daular Qing a jikinsu, hannaye miƙe a gaba, ga wata takarda ruwan ɗorawa manne a goshi. Fim ɗin da ya sa wannan salo ya game duniya shi ne Mr. Vampire, wanda ya fito a Hong Kong a watan Nuwamban 1985. Ricky Lau ne ya ba da umarni, Sammo Hung ya shirya, kamfanin Golden Harvest ya rarraba. Lam Ching-ying ya fito a matsayin Malam Kau, malamin addinin Tao mai haɗaɗɗiyar gira, tare da yaransa biyu da ba sa jin magana, Ricky Hui da Chin Siu-ho.

Samun fim ɗin ba wuya. Wuyar ita ce samun kwafin da bai kashe shi ba. Dariyar da ke cikinsa ta jiki ce: wane ya faɗi, wane ya toshe hanci, gawa ta juyo daidai lokacin da bai kamata ba. Idan an datse gefen hoto, ko duhu ya cinye fuskoki, ko an ɗora wasu muryoyi da ba su dace ba, sai ka zauna kana mamakin abin da mutane suka gani a ciki. Don haka ga hanyar da za ka bi, daga neman faifai har zuwa daren kallo.

Mataki na farko: tabbatar shi ne

Bayan fim ɗin ya yi kasuwa, sai aka yi ta haifar masa ƙanne. Akwai kashi na biyu a 1986, wanda labarinsa ya koma Hong Kong ta zamani, da Yuen Biao a ciki. Akwai na uku a 1987, da na huɗu a 1988 wanda Lam Ching-ying ba ya ciki sam, sannan ga Mr. Vampire 1992. Ban da waɗannan akwai tarin na kwaikwayo da masu buga faifai ke liƙa wa hoton Lam Ching-ying a bango ko da bai leƙa fim ɗin ba. Bango ba shaida ba ne.

Abin da za ka duba shi ne shekara, 1985, da sunan darakta, da tsawon fim ɗin, wajen minti 96. Idan mai shago zai saka maka ka gani, mintunan farko sun isa. Fim ɗin yana buɗewa ne da dare a ɗakin ajiye gawa: Ricky Hui yana bi yana kunna wa akwatunan gawa turare, abokin aikinsa ya yi shigar gawa don ya tsorata shi, a garin wasan banza layun da ke goshin wasu gawarwaki da aka jera suka faɗi, sai ɗaki ya rikice. Idan ka ga motoci da dogayen benaye, kashi na biyu aka ba ka.

Riƙe wannan fage a ranka, domin da shi za ka gwada duk abin da zai biyo baya. Akwai duhu, akwai mutane da yawa a faɗin hoto, akwai ihu da kiɗa.

Mataki na biyu: kaset, VCD, DVD ko Blu-ray

Kaset na VHS sai dai don tarihi da marmari. A kan faifan VCD hoton ƙarami ne, ɗigo 352 a kwance da 288 a tsaye, kuma fim ɗin a rabe yake a faifai biyu. A tsohuwar talabijin mai ƙeya ba laifi, amma a babbar talabijin ta bango fagen dare yakan dagule ya zama dabbare-dabbare. DVD ya fi, 720 da 576 a tsarin hoton talabijin na PAL. A Ingila kamfanin Hong Kong Legends ya fitar da DVD ɗinsa a farkon shekarun 2000, kuma har yanzu ana samun na hannu a wajen masu sayar da tsofaffin faifai a intanet.

Wanda na fi ba da shawara shi ne Blu-ray da kamfanin Eureka na Ingila ya fitar a 2020, daga sabon gyaran hoto na 2K. Yana ɗauke da asalin muryoyin Kantonis, yaren Hong Kong, da sabuwar fassarar Turanci a rubuce. A 2023 kamfanin ya sake fitar da wani kunshi mai suna Hopping Mad, amma ka lura, wannan na ƙannen ne: kashi na biyu da na uku da na huɗu da Vampire vs Vampire na 1989. Na farkon ba ya ciki, kada ka saya da zaton ka haɗa duka.

Game da abin da masu tura fina-finai ke zuba wa mutane a waya ko filash, magana ɗaya ce. Fim mai minti 96 da aka matse ya koma megabait 200, to an zubar da yawancin hotonsa, kuma abin da ake fara zubarwa shi ne bayanan da ke cikin duhu. Wannan fim kuwa kusan rabinsa da dare ne.

Mataki na uku: lambar shiyya

Nan ne mutane suka fi asarar kuɗi. Kamfanonin fim sun raba duniya shiyya-shiyya, faifan wata shiyya ba ya tashi a na'urar wata. A DVD lambobi ne: 1 Amurka da Kanada, 2 Turai da Japan da Gabas ta Tsakiya, 3 Hong Kong da Taiwan da kudu maso gabashin Asiya, 5 yawancin Afirka har da Najeriya da Nijar da Ghana, 6 China. Za ka ga lambar a bayan kwali, cikin ɗan zanen duniya. Idan an rubuta 0 ko ALL, faifan zai tashi ko'ina. Sauƙin da muke da shi shi ne ƙananan na'urorin DVD 'yan China da suka cika kasuwanninmu yawanci ba su damu da shiyya ba, duk abin da ka ba su ci suke. Masu tsada na manyan kamfanoni su ne masu taurin kai.

A Blu-ray kuwa haruffa uku ne kawai, kuma rabon ya yi mana daɗi. A ta ƙunshi Amurka da Japan da Koriya da Hong Kong. B ta ƙunshi Turai da Afirka da Gabas ta Tsakiya da Ostireliya. C ta ƙunshi China da Rasha da Indiya. Ke nan faifan Ingila da na'urar da aka yi don kasuwar Afirka ko ta Dubai shiyyarsu ɗaya. Faifan Eureka na B ne, zai tashi.

Tarkon yana wajen na'urar da ke hannunka. Yawancin masu Blu-ray a nan ba na'urar faifai suka saya ba, PlayStation ce ke yi musu aikin. PS3 da PS4, da PS5 mai ramin faifai, duk suna kunna Blu-ray, amma kowace tana bin shiyyar ƙasar da aka yi ta dominta. Wadda aka shigo da ita daga Amurka ta A ce, wasanni za su tashi lafiya lau, amma faifan fim na B zai ƙi. Kafin ka yi odar faifai, ka bincika daga ina na'urarka ta fito. Haka nan, idan na'urar faifai ce daga Amurka, duba rubutun da ke bayanta kusa da wayar wuta. Idan 120V kawai aka rubuta, kada ka soka ta a soket kai tsaye, wutarmu 230 ce, nan take za ta ƙone. Sai da taransifoma mai rage wuta.

Mai amfani da kwamfuta shi ma ya kiyaye: injin DVD na kwamfuta yana ba ka damar sauya shiyya sau 5 ne kawai, daga nan ya kulle a kan ta ƙarshe.

Sai batun PAL da NTSC. Najeriya da Ingila da Hong Kong PAL suke, Amurka da Japan NTSC. Talabijin na zamani suna karɓar duka biyun, sai tsofaffi ne ke nuna hoto fari da baƙi ko yana birgima. Wani abu da ke rikita mutane: DVD na PAL yana gudu da hoto 25 a daƙiƙa maimakon 24 na sinima, don haka fim ɗin yakan ragu zuwa wajen minti 92. Ba yanke shi aka yi ba, ɗan sauri ne ya ƙaru, muryoyi kuma suka ɗan siranta.

Mataki na huɗu: muryar da za ka saurara

Ka zaɓi Kantonis, yaren Hong Kong. Wani zai ce ai ko Kantonis ɗin ma ɗorawa aka yi, kuma gaskiya ne, a wancan zamani fina-finan Hong Kong ba a ɗaukar murya a wurin aiki, sai an gama a shiga situdiyo a ɗora. Amma da wannan yare aka rubuta barkwancin, da shi bakunan 'yan wasan ke motsi, kuma kukan shagwaɓar Ricky Hui da tsawar Malam Kau a nan suke da gishirinsu. Muryar Turanci tana mayar da malamin wani ɗan wasan yara, alhali duk dariyar fim ɗin ta dogara ne a kan cewa shi kaɗai ne ba ya wasa. Lam Ching-ying bai wuce shekara 32 ba lokacin da ya yi wannan rawa ta dattijo, kuma kafin nan ya yi aikin faɗa a fina-finan Bruce Lee. Kalli yadda yake tsayawa da yadda yake juya hannu, za ka ga horon.

A faifan Blu-ray ko DVD, shiga jerin zaɓin sauti ka nemi wanda aka rubuta Cantonese mono, wato sauti mai layi ɗaya. Idan ka ga 5.1, wato sautin lasifika da yawa, kada yawan lambar ya ruɗe ka. Wasu faya-fayan farkon shekarun 2000 sun sake haɗa sautin tsofaffin fina-finan Hong Kong, suka cusa sababbin ƙarar naushi da fashewa da ba su dace da hoton ba. Mono shi ne abin da masu kallo suka ji a 1985. Kiɗan fim ɗin ya ci kyauta a gasar fina-finan Hong Kong, kuma waƙar yaran nan da ke tashi lokacin da aka ɗauko fatalwar amarya a cikin daji ta fi sa tsikar jiki tashi a yadda aka yi ta tun asali.

Idan VCD na Hong Kong ne a hannunka, za ka iya jin mutane biyu suna magana lokaci guda da yare biyu. Faifan bai lalace ba. Sun saba sa Kantonis a lasifika ɗaya, Mandarin a ɗayar. Nemi maɓallin L/R ko Audio a rimot, ka danna har murya ɗaya ta rage.

A kwamfuta da manhajar VLC, harafin B yana sauya murya, V yana sauya rubutun fassara. Idan rubutun yana riga magana ko yana makara, G da H suna matsar da shi baya ko gaba.

Mataki na biyar: gyara talabijin

An ɗauki fim ɗin a faɗin 1.85 bisa 1, talabijin ta bango kuma 1.78 ce, wato 16:9. Saboda haka daidai ne ka ga siririn baƙin layi sama da ƙasa. Bar shi. Kada ka danna Zoom don cike fuska. A zaɓin girman hoto ka sa Original ko Just Scan, gwargwadon abin da kamfanin talabijin ɗinka ya kira shi.

Idan kwafinka murabba'i ne, irin na kaset da wasu VCD, to an riga an datse gefe da gefe, babu maɓallin da zai dawo da su. Abin da za ka iya yi kawai shi ne ka hana talabijin ta ja hoton ya cika faɗi, domin in ta ja shi kowa zai koma gajere mai ƙiba. Sa 4:3 ka haƙura da baƙi a dama da hagu. Asarar datsewar ba ƙarama ba ce. A fagen kurkuku, inda aka tsare Malam Kau kuma gawar attajiri Yam ta farka, dariyar tana cikin ganin gawar a gefe guda tana shinshina iska, mutane kuma a ɗaya gefen sun kumbura kumatu sun riƙe numfashi. In aka yanke gefe ɗaya, saura mutum yana kumbura kumatu ba dalili.

Sannan ka kashe abin nan da ke sa motsi ya yi santsi. Samsung na kiransa Auto Motion Plus, LG na kiransa TruMotion, Sony kuma Motionflow. Yana ƙirƙiro hotunan da babu su a tsakanin na gaske, sai faɗan ya zama kamar an ɗauka da waya a bayan gida, igiyoyin da ke ɗaga 'yan wasa ma su fi fitowa. Idan talabijin ɗinka tana da Filmmaker Mode ko Cinema, zaɓe shi, ka guji Vivid. Daga nan koma fagen farko na ɗakin gawa ka tsayar da hoto. Ƙara haske kaɗan-kaɗan har ka iya rarrabe akwatunan da ke can baya, amma ka tsaya kafin baƙi ya koma toka-toka.

Rubutun fassara

Tsofaffin kwafi na Hong Kong suna zuwa da rubutun Sinanci da Turanci a ƙone cikin hoton, farare, ƙanana, ba a iya cire su. In rigar ɗan wasa fara ce sai rubutun ya ɓace, in an datse gefen hoto sai farkon jimla da ƙarshenta su tafi. Turancin ma sau da yawa a karye yake. Wasu na son wannan don nishaɗi, ni dai ban ga ribarsa ba a kallon farko. Akwai wurare biyu da sai da fassara mai kyau ake gane su. Ɗaya shi ne wurin shan shayin Turawa, inda Malam Kau da yaronsa ba su san yadda ake shan kofi ba, suna satar kallon 'yar attajirin don su kwaikwaya, ita kuma ta gane ta shirya musu tsiya. Ɗayan shi ne bayanin kabarin: me ya sa aka binne mahaifin attajirin a tsaye, me ya sa aka ce a tone shi bayan shekara 20, da kuma ƙullin da mai duban wurin kabarin ya riƙe a ransa. Wanda bai fahimci wannan ba zai ga gawa ta tashi ne kawai ba sanadi.

In tsohon kaset ne a gida

Kada ka cusa shi a bidiyo kai tsaye. Leƙa ta tagar kaset ɗin tukuna. Idan ka ga farin gari-gari ko zare-zare a kan naɗin, fumfuna ce, damina ta yi aikinta. Saka irin wannan kaset zai shafa wa kan bidiyon, daga nan ya shafa wa duk kaset da ya biyo baya. Ware shi daban, ka kai wa mai gyaran rediyo da bidiyo da ya san aikin, ya buɗe ya goge a hankali.

Idan kaset ɗin fes yake, ɓalle ɗan harshen roba da ke gefensa don kada a yi kuskuren ɗaukar wani abu a kai. Tura shi gaba har ƙarshe, ka dawo da shi farko sau ɗaya, domin naɗin da ya shekara a kwance ya saki. In hoto yana rawa ko farin layi yana ratsawa, maɓallin Tracking ne maganinsa. Don adana shi a kwamfuta kana buƙatar 'yar na'urar ɗaukar bidiyo ta USB mai ramuka uku: ruwan ɗorawa na hoto, fari da ja na sauti. A manhajar ka zaɓi PAL, in ba kaset ɗin Amurka ba ne. Ɗaukar tana cin daidai tsawon fim ɗin, don haka ka tabbatar da wutar da ba za ta yanke ba, inbata ko janareta, tun kafin ka fara. Bayan haka ka ajiye kaset a tsaye, nesa da rana da lasifika, cikin abin da ƙurar hunturu ba ta shiga.

Faifai kuwa da ƙyalle mai laushi ake goge shi, daga tsakiya zuwa baki, ba a zagaye ba.

Daren kallo

Kafin ka tara iyali, ka san abin da ke ciki. Fim ɗin cike yake da tsafe-tsafen Tao, layu da turare da kiran matattu, ana yanka kaza a gaban kyamara, akwai fatalwar mace da ke yaudarar saurayi ta kwana da shi, akwai kuma barkwancin da ya shafi gidan karuwai. Ba a nuna tsiraici, amma ba fim ɗin ƙananan yara ba ne, kuma fuskar gawar a ƙarshe tana iya hana yaro barci. Kai ka san gidanka.

Ga waɗanda za su kalla, ka ba su dokokin wasan a taƙaice tun kafin a fara, domin fim ɗin ya ɗauka kowa ya sani. Gawar ba ta gani, numfashin mai rai take bi, shi ya sa ake toshe hanci. Laya a goshi tana tsayar da ita cak, in ta faɗi ta ci gaba daga inda ta tsaya. Zaren da aka jiƙa da tawada haɗe da jinin kaza yana ƙona ta, shi ya sa Malam Kau ya ce a zane akwatin gawar da shi ko'ina. Ka ce musu su lura da wurin da yaran suka manta. Shinkafa mai danƙo tana zuƙe dafin gawa daga jikin wanda aka yakusa, amma sai tsantsarta, kuma mai shagon shinkafar da aka aika wurinsa ba mutumin kirki ba ne. Wanda dafin ya shiga jikinsa dole ya yi ta motsi kada jininsa ya daskare. Iya wannan ya isa, sauran kada ka faɗa.

A kashe fitilar ɗaki, a bar ƙarama a bayan talabijin idan akwai, a ajiye wayoyi. Sauti ya fito ta lasifikar waje in da hali, don lasifikar talabijin ta bango siririya ce, tana cinye gangunan. In faifan Eureka ne, ajiye sharhin da ke kansa sai kallo na biyu.

Idan mutanen gida suka nemi ƙari, kada ka bi lamba. Tsallake na biyu ka tafi na uku na 1987, inda Richard Ng ya fito a matsayin malamin bogi mai yawo da fatalwowi biyu yana damfarar mutane, shi ya fi kusa da na farkon a daɗi. Daga nan ka koma baya zuwa Encounters of the Spooky Kind na 1980, wanda Sammo Hung ya ba da umarni kuma ya fito a ciki, don a nan aka fara gwada haɗa gawa mai tsalle da kung fu da dariya. Rigor Mortis na 2013, inda Chin Siu-ho ya dawo yana dattijo, na manya ne kawai, kuma babu dariya a cikinsa.